Kunnen Fulera a Bakin Nika-nika

Asabar, 1 ga Fabrairu, bayan la'asar

Yau na tambayi yarana na ajin Asabar: mutumin da ya daɗe yana aiki cikin ƙara har ta daina damunsa, me ya sami kunnensa? Baki ɗaya suka ce, "Ya saba, Madam. Kunnen ya yi ƙarfi." Ban yi musu dariya ba. Haka kowa ke cewa a unguwarmu Maamobi, ni ma da haka na tashi. Muna ɗaukar kunne kamar tafin ƙafa, wai in ya sha wuya sai ya yi kanta.

Na sa kowa ya ɗora hannu a maƙogwaronsa ya yi magana, su ji yadda sauti yake girgiza. Sannan na zana musu a allo: can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana ƙwarai, su ke kama wannan girgizar. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar ciyawar da aka bi ta kanta. In sau ɗaya ne, ta miƙe. In kullum ne, ta mutu, kuma irin wannan ciyawar ba ta sake tsirowa. Abin da muke kira sabo, na ce musu, ji ne yake tafiya a hankali.

Darasin ya yi min daɗi. Ina share allo na kira Fulera ta ɗauko min jaka. Fulera 'yar yayana Musah ce, shekararta goma sha biyar, yarinyar da tun tana rarrafe in an buɗe ledar alewa a wani ɗakin sai ta iso. Na kira, na sake kira. Sai da ta kusa da ita ta taɓa ta.

Wataƙila hankalinta ne ya tafi wani wuri.

Talata, 4 ga Fabrairu, da yamma

Na bi gidan Yaya daga makaranta. Fulera tana wanke-wanke, na tsaya ta hagunta ina tambayarta labarin jarrabawa. Ta juyo da kai gaba ɗaya, ta miƙo min kunnen dama. "Goggo, me kika ce?"

Haka Baba yake yi kafin ya rasu. Muna cewa tsufa ne.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, bayan magariba

Na je nika-nikan, wato wurin injin niƙan Yaya. Rabona da shiga tun da na koma unguwar New Town, domin Amama, matar Yaya, ita ke aiko min da gari. Rumfar tana nan yadda Baba ya bar ta: kwano a sama, kwano a gefe, ƙarar ta bugi bango ta dawo. Azumi ya matso, layin bahuna ya kai har bakin kwata. Masu koko, masu fura, masu tuwo, kowa tana son ta tara gari.

Duk wanda ya tashi a gidan mai niƙa ya san aikin na kunne ne. Farantan ƙarfe biyu ke niƙawa. In an sassauta su, gari ya fito da tsaki. In an matse su da yawa, su haɗe su ci juna, gari ya ƙone ya yi warin ƙarfe. Kafin su haɗe akwai wani siririn kuka da suke yi a ƙarƙashin rurin injin. Shi mai niƙa yake saurare, da ya ji sai ya sassauta.

Na ga Yaya riƙe da mariƙin da ake juyawa, amma ba injin yake kallo ba. Fulera yake kallo. Tana tsugunne da kayan makaranta a jikinta, ta kara kunnen hagu dab da farantan, ko tafin hannu ba zai shiga tsakani ba. Ta ɗaga yatsa, ya sassauta. Ta sauke, ya matse.

Na yi sallama da iyakar muryata. Babu wanda ya amsa a cikinsu.

Na dawo gida kaina yana amo. Alhali ban fi 'yan mintoci a wurin ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da azahar

Amama ta gaya min a madafa, tana magana tana kallon ƙofa. Tun bara Yaya ya daina jin kukan farantan. Ya ƙona wa Anti Lamisi mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ƙullu baho guda, ya ce laifin wuta ne. Tun ran nan, in an tashi makaranta Fulera ta wuce can har magariba.

"Kin san yayanki, Lauratu," ta ce. "Gara ya ce ƙafarsa ta karye da ya ce ba ya ji."

Na ce, "Yarinyar fa?"

Ta ce, "Da safe takan ce kunnenta na kuka. Ina ɗiga mata man kaɗe."

Na roƙe ta ta daina ɗiga komai. Ta kalle ni kamar na ce ta daina yi mata addu'a.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da hantsi

Na same shi yana shan koko a ƙofar gida. Na zauna ta damansa, na yi magana a hankali amma da ƙarfi, na maimaita masa darasin ciyawa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi.

"Malama ta zo da allonta. Laure, wannan injin ne ya biya miki makarantar da kika koyo ciyawar."

"Na sani, Yaya."

"Baba ya yi shekara nawa a ciki? Ni na yi nawa? Wa ya mutu?"

"Ba mutuwa nake cewa ba."

"To shi ke nan. Zan sa ta cusa auduga."

Na ce auduga ba ta tare komai, iska ce da zare. Ya ce to in kawo masa ƙofar ƙarfe ya rataya mata a kunne. Ya yi dariya, ya miƙo min ƙosai. Na karɓa. Ina jin haushin kaina da na karɓa.

Talata, 11 ga Fabrairu, bayan isha'i

Na je unguwar Adabraka, wani shagon da ke sayar da hular kwano da takalman masu gini. Na sayo abin toshe kunne na soso, wanda ake murzawa ya zama siriri a tura shi ya kumbura a ciki, da wani mai kama da kofuna biyu da ake kifawa a kunne. A trotro, motar haya, ina ta shirya yadda zan nuna musu. Murna nake yi, Allah ya sani.

Ya kashe injin don ya canja baho, na miƙa masa. Ya juya su a hannu, ya mayar min.

"In ta toshe, da me za ta ji min faranti?"

Na ce ba aikinta ba ne. Ya ce 'yarsa ce. Na ce ɗalibata ce kuma jinina ce. Ya ce in je in haifi tawa in toshe mata.

Daga nan ban san me ya hau kaina ba. Na faɗi kalmar. Da ƙarfi na faɗe ta, don ya ji, a gaban duk matan da ke layi. Na ce shi ya riga ya zama, yanzu yana son ya mayar da ita.

Ya ji. Wannan kam ya ji.

Ya kunna injin.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da safe

Bai ɗauki wayata ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu, bayan la'asar

Kujerar Fulera babu kowa. Na koyar da yadda haske ke karyewa a cikin ruwa. Ban san me na ce ba. Asabar ce ranar da ta fi cika a nika-nika, tun safe har dare. A da yana barinta ta zo ajina. Ke nan na ƙara mata yini guda a bakin farantan da bakina.

Kayan toshe kunnen suna cikin jakata. Duk inda na je suna ciki.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da yamma

A lungun bayan masallaci na ji yara suna tsalle suna waƙa da sunansa. Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba: Musah kurma. Na kore su, suka watse suna dariya. Daga bakina ta fito ta shiga bakinsu.

A bakin titi na ci karo da Anti Lamisi da bahonta a ka. Ta tare ni da ƙafa, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Ei, Madam! Ka yi laifi. Babban laifi."

Na ce na sani.

"Mu duka mun sani tun bara. Ka ga wani ya faɗa? Muna kawo masara, muna magana da hannu, muna tafiya. Mutum yana da mata da yara, ba a cire masa riga a kasuwa."

Na ce, "Anti, yarinyar fa? Kuna ganinta kullum a tsugunne."

Ta gyara gammo. "Wannan kuma gaskiya ne," ta ce. "Yaran nan ya daina gaishe ni in na zo ta baya. Na ce ko girman kai ne."

Muka rabu ba wadda ta yi nasara. Su sun rufa masa asiri, rufin ya ci kunnen yarinya. Ni na tona, tonon ya rufe min ƙofa. Ban san wanne ya fi muni ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da asuba

Ana biki a layinmu, masu kiɗa sun jera akwatunan sauti kamar bango. Na ga wata ta zaunar da jaririnta a gindinsu jiya don ta shiga rawa. Na buɗe baki, na rufe. Yanzu tsoron bakina nake ji.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, bayan magariba

Tun da ba ya ɗaukar waya, na jiƙa gero na ɗauka a bokiti na shiga layi. Dokar Baba ce tun da can: duk wanda ya sa bahonsa a layi sai an niƙa masa, ko maƙiyi ne. Yaya ya gan ni, ya kau da kai. Fulera tana wurinta. Ta rame.

Saura baho biyu a zo kaina, aka ɗauke wuta. Matan suka yi ihu, "Dumso!" Injin ya yi nishi ya tsaya. Shirun da ya biyo baya har nauyi gare shi.

Fulera ta miƙe tana sosa kunne da ɗan yatsa. Ta leƙa waje, ta dawo. "Baba, injin wa ne bai mutu ba?"

Babu wani inji. Duk layin babu wuta. Har kukan kaza ana ji daga gidan baya.

Yaya ya ga bakinta ya motsa, bai kama ba. Ya dubi matan, kowa ta sunkuyar da kai. Sai ya dube ni, karo na farko tun ran Talatar can. Na matsa ta damansa, na faɗa masa abin da ta ce, kalma da kalma, ban ƙara ko ɗaya ba.

Ya kamo hannunta. "Yana yi yanzu?"

Ta ɗaga kai.

"Siriri? Kamar gyare?"

"Kamar gyare, Baba. Da can in na kwana yana dainawa. Yanzu ba ya dainawa."

Ya zauna a kan buhun masara. Hannuwansa fari fat da gari, ya ɗora su a gwiwa yana kallonsu. Can ya ce, ba da kowa ba, "Ni ma gyaren ne ya fara zuwa."

Aka dawo da wuta. Bai tashi ba. Anti Lamisi ta ɗauki bahonta ta ce wa matan, "Mu je, gobe ma rana ce." Na dawo da gerona yadda na kai shi.

Litinin, 24 ga Fabrairu, bayan la'asar

Mun kai ta asibiti, sashen kunne. Yaya ya zo da rigarsa ta Juma'a. A trotro bai yi min magana ba, amma shi ya riƙe min jaka da zan sauka.

Aka sa ta a wani ƙaramin ɗaki mai kauri, aka kifa mata abin sauraro, aka ce ta danna duk lokacin da ta ji ƙara. Muna kallonta ta gilashi. Da aka zo kan hagu, na ga ma'aikaciyar ta taɓa na'ura, Fulera tana zaune tana jira, tana jira, da murmushinta na ɗalibar da ke son ta ci jarrabawa. Ban iya ci gaba da kallo ba.

Na dama lafiya lau, alhamdulillahi. Na hagu ya rasa siraran sautuka. Matar ta ce kukan zai iya raguwa in an raba ta da ƙara, amma abin da ya tafi kada mu sa rai. Abin da ya rage shi ne abin tsarewa.

Na gaya wa Yaya. Ya tambaya, "Ba magani?" Na girgiza kai. "Ko a waje?" Na girgiza kai.

Matar ta ce shi ma ya shiga a gwada shi. Ya ce wata rana.

A hanya Fulera ta ce, "Goggo, ciyawar ce ko?" Na ce eh. Ta ce, "Na gane tun ran darasin. Ban so Baba ya ji kunya ba." Ni da na yi zaton ba ta ji darasin ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da yamma

Rumfar a kulle tun ran Alhamis. Mata suna ɗaukar bahuna har unguwar Nima. Amama ta kira ni tana kuka ƙasa-ƙasa: azumi saura kwana kaɗan, a wannan watan ne gidan ke samun abin da zai ci har bayan salla. Fulera da kanta ta ce za ta koma, ta ba da kunnen dama tun da na hagu ya riga ya lalace.

Wai ta ba da na dama.

Na ajiye wayar na zauna a ƙasa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da asuba

Hannu a maƙogwaro. Ni na koya wa yara wannan. Sauti girgiza ne. In farantan suna kuka, jikin injin ma yana rawa da wannan kukan. Ban sani ba ko zai yiwu. Ban yi barcin kirki ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, bayan la'asar

Bayan an sauko masallaci na same shi na ce, "Yaya, ka yafe min abin da na faɗa a gaban mutane. Sannan ka ba ni yammar nan kawai." Ya ce, "Wani darasin ne?" Na ce gwaji ne. Ya ɗauko makulli.

Na murza soson na nuna musu yadda ake ja kunne sama a tura shi, a jira ya kumbura. Dukanmu muka sa. Fulera na ƙara mata kofunan a kai, na tsayar da ita can bakin ƙofa, a bayan mahaifinta inda ba zai gan ta ba. Abin mamaki, ta ce da rurin ya ragu tana iya tsinto kukan farantan daga can. Na ce in ta ji ta ɗaga yatsa. Yaya kuma ya ɗora tafin hannunsa a jikin murfin farantan, nesa da bel ɗin da ke juya injin, ya rufe ido, in ya ji wani canji ya buga ƙafa. Ni ce alƙali a tsakiya. Wani geron da na sake jiƙawa muka zuba.

Na farko, yatsa ya tashi, ƙafa shiru. Warin ƙuna ya cika rumfar. Ya buɗe ido ya harare ni.

Na biyu ma haka. Ya cire hannu zai kashe injin. Na kama hannun na mayar, na matsar da shi kusa da mariƙin. Ban taɓa kama hannun yayana haka ba.

Na uku ya buga ƙafa a makare. Na huɗu a makare kaɗan. Can sai na ga fuskarsa ta canja, kamar wanda ya ji an kira sunansa daga nesa. Ƙafa da yatsa suka tashi tare. Muka sake, tare. Muka sake, ƙafar ta riga yatsan.

Ya kashe injin, ya zare soson. "Kamar tururuwa ke bin tafin," ya ce. "Shekara da shekaru hannuna yana kan abin nan, ban taɓa tambayarsa ba." Sai ya leƙa bokitina. "Malama, kokonki zai yi ɗaci."

Na ce zan sha.

Ya juya ga Fulera, ya yi magana da ƙarfi kamar yadda yake yi yanzu. "Ke, daga yau ƙafarki ta fita daga rumfar nan. In kin kawo min abinci, ki ajiye a ƙofa."

"Baba, in ka ƙona na Anti Lamisi fa?"

"In na ƙona, ni zan sha zagin. Zaginta ma ba duka nake ji ba."

Muka yi dariya, mu uku. Ni tawa ta ƙare da hawaye.

Asabar, 1 ga Maris, bayan la'asar

Ta zo aji. Na mayar da ita layin gaba, ta gefen da kunnen damanta zai fuskance ni. Na wuce ta rumfar da safe: layi ya dawo, Yaya hannu ɗaya a mariƙi ɗaya a murfi, soso ja yana leƙowa daga kunnensa. Ya ƙona baho ɗaya, in ji Amama. Wataƙila zai ƙona wani. Bai yarda da zuwa gwajin nasa ba tukuna. Gyaren Fulera yana nan.

Da aka tashi na kira ta daga baya, a hankali, da gangan. Ta juyo. Ta dama ta juyo, kuma ta nan za ta riƙa juyowa har ƙarshen rayuwarta. Na ce ba komai, jaka ce.

Ga abin da na ba yaran su tafi da shi cikin azumin nan, kuma ni ma zan yi. Duk inda ka samu kanka cikin ƙara, ko nika-nika ne, ko gindin akwatin biki, ko wurin masu walda, ka miƙa hannu ka taɓa kafaɗar na kusa da kai, ka yi masa magana da muryarka ta kullum. In sai ka yi ihu kafin ya ji, wurin yana cin kunnenku ku biyu: ka matsa nesa, ko ka toshe, ko ka rage zama. In ka fito, ka nemi inda babu hayaniya ka tsaya, ka saurara. Ka gwada yau, kada ka jira a ɗauke wuta. In ka ji gyare inda babu gyare, ka faɗa wa wani.